Rokokin da Yaya Haliru ya ƙi saki

Tun da muka dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a majalisarmu ta bakin tasha, har a wurin zaman makoki sai wani ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam Muntari, wai da gaske na yayanka ya hwaɗo da jirgi Nijar?" Na gaji da gyara maganar nan ɗaya bayan ɗaya, ga shi duk wanda na gyara wa sai ya tafi ya ƙara mata gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi. Wanda ya karanta kuma ya sake tambayata, shi da Allah.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Haliru wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma matuƙin jirgin sama ne na gaske. Ya yi shekaru yana tuƙa ƙananan jirage a wani kamfani a Kaduna. Kamfanin ya durƙushe, ya dawo gida Birnin Kebbi daidai lokacin da aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Kowa ya ce ya dawo a sa'a, sabuwar jiha ba za ta rasa abin yi da matuƙin jirgi ba. Jihar da a lokacin ko ofisoshi a gidajen haya suke, ina ta ga jirgi? Sai ya koma gonar mahaifinmu a fadamar Zauro ya kama noman shinkafa.

To lasisin jirgi ba irin na mota ba ne da za ka jefa a aljihu ka manta. Idan mutum ya daɗe bai tashi sama ba, mutuwa yake yi. Na Yaya yana gab da haka. Idan daminar bana ta wuce bai samu jirgin da zai tuƙa ba, sai dai ya koma makaranta tun daga farko, kuma ba shekarunsa ba ƙarfinsa. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, amma na san abin yana cinsa.

Ni ne na ji labarin aikin. Alhaji Manu, wani ɗan Argungu mai fataucin busasshen kifi da ke zaune a Yamai, ya zo gida da sallah ya gaya mini akwai wani tsohon Bature can mai ƙananan jirage na feshin fara da tsuntsayen jan-baki, yana neman matuƙin da ya saba da gajerun filaye. Ni na matsa wa Yaya. Ni kuma na ce zan raka shi, tun da ina da ɗan guntun Faransancin da na tsinta a makaranta.

Ya iso mini Argungu da hantsi, da 'yar jakarsa. A ciki akwai farar rigarsa ta aiki, mai ratsin nan a kafaɗa, ya goge ta da sitaci ya naɗe a tsohuwar jarida. Muka shiga motar Kamba, wata tsohuwa da aka cusa mu ciki kamar kifi a kwando. Direban ya ga jakar a cinyar Yaya ya ce ba wuri, dole a sa a but. A but ɗin kuwa akwai jarkar manja ta wata Hajiya da ke zaune a gabanmu.

Bayan Kangiwa motar ta nutse cikin rairayi. Aka ce maza su sauko su tura. A nan bakina ya kufce na ce a yi a hankali da wannan, matuƙin jirgin sama ne. Direban ya leƙo ta taga yana dariya.

"To Kyaftin, ka ga titi gajere na. Ɗaga muna ita mu ƙetare mana!"

Duk motar ta ɗauka. Yaya ya sa kafaɗa ya tura. Da muka isa Kamba aka buɗe but, sai ga murfin jarkar ya kwance, manjan ya bi ƙarƙashin jakar ya jiƙa jarida, ya zana wa farar rigar taswira a baya. Hajiyar ta duba jarkarta, ta duba rigar, ta ce, "Ayya ɗana, rigagga taka ta sha min mai." Ko haƙuri ba ta ba shi ba.

A kan iyaka aka tambaye mu katin rigakafi, mai ruwan ɗorawar nan. Yaya yana da nasa tun na aiki amma ya tsufa, ni kuwa ban taɓa ganinsa ba. Aka ce sai an yi mana allura nan take. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jandarman da ke mana bayani. Bahaushe ne sak, da tsagen Arawa a kumatunsa, wataƙila ma kakanninmu sun ci kasuwa ɗaya. Amma sai da ya bar ni ina ta kakkarya Faransanci ina zufa, ya ƙoshi da kallona, sannan ya ce, "Malam, hwaɗi da Hausa, ka wahala." Da mai allurar ya kama hannun Yaya na dama, sai ya janye da sauri.

"Don Allah na hagu. Na dama shi ka riƙon sandar jirgi."

Shi ne karo na farko a tafiyar da na ji ya yi magana kamar mai sa rai.

Daga Gaya zuwa Doso hanya lafiya lau, ba rami, har na ji kunya a madadin tamu. A Doso muka tsaya cin abinci. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, kowa ya maƙale nasa a hammata yana tafiya ba ko leda. Kofi kuma a kwano ake zuba maka, ka tallabe da hannu biyu kamar mai shan fura. Na nemi tuwo aka ce sai dare. Muka ci dambu da zogale, shi kam ban ga laifinsa ba, sai dai yajin ya yi yawa. Hannuna na hagu ya kumbura ya yi tsami, duk wanda ya goge ni a motar sai na ji kamar in mare shi.

Alhaji Manu ya karɓe mu hannu biyu a Yamai. Ya sauke mu a zaurensa, tare da tulin kwandunan kifi da fatake masu shiga da fita. Iyalinsa suka karɓi rigar suka wanke da toka da lemun tsami. Manjan ya fita, sai wata inuwa da ta rage, amma da aka shanya ta a gidan sai ta kwashi ƙaurin kifi. Da aka kawo mana shinkafa, Yaya ya ɗebi ƙwaya ya murza a yatsa ya ce ta jirgin ruwa ce, ta shekara a buhu. Na ce masa ya manta da shinkafa, ba ita ta kawo mu ba.

Washegari muka isa ofishin Baturen da rana tsaka, muka tarar da ƙofa a garƙame. Ashe a can da rana ta take kowa gida yake tafiya ya kwanta, sai can wajen la'asar a dawo. Da farko na yi tsaki. Da na zauna a gindin dalbejiya na yi tunani, sai na ga sun fi mu gaskiya. Mu a nan ofis a buɗe yake, fanka tana juyawa, hula tana kan tebur, mai hular ne babu.

Baturen tsoho ne, jajir da shi, da gajeren wando, da wani ƙaton kare da ke kwance ƙarƙashin teburinsa. Turanci suka yi da Yaya, don haka Faransancina bai yi ranar komai ba. Ya duba takardun Yaya yana gyaɗa kai, ya yi masa tambayoyi a kan iska da nauyi da sauka a filin da ruwa ya jiƙa. Yaya yana ba shi amsa a tsanake. Na ga tsohon ya saki fuska, har na fara lissafin yadda zan ba da labari a gida.

Sai ya ce shi ba ya ƙona mai don gwada mutum, yana da nasa gwajin. Ya shigar da mu wani ɗaki mai sanyi kamar randa. A ciki akwai kwamfuta, an kafa mata kujera a cikin wani katako, da sandar tuƙi, da mariƙin ba inji wuta, da abin takawa da ƙafa. A fuskar kwamfutar ga wani jirgi zaune a bakin fili, siriri, gabansa duk gilashi.

Ya ce wannan jirgin jefa bama-bamai ne na ƙasarsu a yaƙin duniya na biyu, yana cikin na farko-farkon da ba su da farfela. Mahaifinsa ya yi aikin gyaransu. A sama yana da gudu, amma injinansa ba su da ƙarfin tashi. Idan aka cika shi da kaya, fili zai ƙare bai rabu da ƙasa ba. Sai aka riƙa rataya masa rokoki biyu a ƙarƙashin fukafukai. Idan ya fara gudu a kunna su, su ingiza shi na ɗan lokacin da bai kai minti guda ba, su mutu. Da sun mutu kuwa sun zama kaya, suna tare iska suna jan jirgin baya, dole a sake su nan take su sauka da laima.

"Na sa masa zafin Yamai," in ji shi, "na cika shi da kaya, na gajarta filin. Bayan filin akwai ƙauye, bayan ƙauyen akwai dutse. Wanda ya ɗaga wannan ya tsallake dutsen, zai ɗaga nawa da tankin magani cike daga kowane filin ƙauye."

Ni da nake koyar da kimiyya, abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin takawa sosai, suna kallona suna hamma. Ga shi yau a gabana.

Ya bar Yaya ya ɗan zaga da jirgin ba kaya don hannunsa ya saba. Sannan aka fara na gaske. Tsohon ya gargaɗe shi cewa injinan nan ba sa son gaggawa, idan aka danna musu wuta lokaci guda kamawa suke yi. Yaya ya tura mariƙin a hankali, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. Jirgin ya soma rarrafe, ya soma gudu, filin yana ƙarewa. Ya kunna rokokin. Ɗakin ya cika da ƙara har karen ya ɗaga kai. Gab da ƙarshen filin hancin jirgin ya tashi, ƙasa ta yi baya. Na ji tsohon ya ce da kyau.

Ƙarar ta ɗauke. Rokokin sun mutu, kuma daidai kan ƙauyen suka mutu. Ƙauyen ma ba wani abin kirki ba ne, 'yan akwatuna ne masu jan rufi, da wani zane mai kama da garke.

"Yanzu!" in ji Baturen.

Yatsan Yaya yana kan maɓallin. Bai danna ba.

"Yanzu! Sake su!"

Ina ganin allurar gudu tana sauka. Sai da gida na ƙarshe ya wuce ƙarƙashinsa sannan ya danna. Jirgin ya yi sauƙi, ya yunƙura, amma gudun ya riga ya tafi. Dutsen ya cika fuskar kwamfutar, komai ya yi ja. Faɗuwar jirgin da ake ta yayatawa a gari ke nan. Ko kujera ba ta motsa ba.

Tsohon ya tambaye shi ko maɓallin ne ya ɓace masa. Yaya ya ce a'a, akwai gidaje a ƙasa.

"Gidaje? Hoto ne! Kuma ai na gaya maka suna da laima."

"Laima gudu take ragewa," in ji Yaya, "ba ta rage nauyi. A kan rufin wani za su sauka."

Baturen ya yi dariya har yana tari, ya ce zai ba shi dama ta biyu saboda hannunsa ya yi masa kyau. Ni a lokacin raina ya gama ɓaci. Na tuna rairayin Kangiwa, da allura, da yaran Yaya da ke zaune a gida saboda ba a kai su makarantar gaba ba. Na sunkuya kusa da shi na yi masa Hausa.

"Yaya, don girman Allah! Kwali na, babu kowa ciki. Ɗiyanka na Zauro su ad da rai. Ka sake su in anka ce ka sake."

Ya juyo ya dube ni. Tunda nake ban taɓa yi masa magana da wannan murya ba. Ya gyara zama.

Karo na biyu komai ya tafi kamar na farko, har ya fi. Da ƙarar ta ɗauke, Baturen bai ko buɗe baki ba Yaya ya danna. Tsohon ya juya hoton don mu ga baya. Ga laimomi biyu farare suna lilo suna sauka, ɗaya ta faɗa tsakiyar jajayen rufin ta ɓace. Jirgin ya tsallake dutsen da fili mai yawa. Na tashi ina tafi ni kaɗai kamar wani sakarai.

Baturen ya kashe kwamfutar. Ya sa aka kawo mana lemo mai sanyi, daga nan jikina ya ba ni. Ya ce ya daɗe bai ga mai taushin hannu irin Yaya ba, amma ba zai ɗauke shi ba.

"Na farkon shi ne kai," in ji shi. "Na biyun ɗan'uwanka ne ya tuƙa, kuma ba zan riƙa sa shi a jirgin ba. Tsuntsayen jan-bakin nan a bakin ƙauye suke kwana, kusa da rijiya, kusa da garke. Idan ka tashi da tanki cike ka tsaya duba bukkar wa ke ƙasa, za ka kashe mini jirgi ka kashe kanka. Ni wanda zai saki idan lokaci ya yi nake nema."

Ya faɗe ta ba fushi ba raini, har ya rako mu ƙofa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da zagi ya yi mana da na samu abin ramawa.

Alhaji Manu ya ce Allah bai yi ba, ya cika mana leda da kifi. A hanyar dawowa ban yi wa Yaya magana ba har muka wuce Doso. Haushin kowa nake ji: Baturen da ya zauna a ɗaki mai sanyi yana auna rayuwar mutum da wasan yaƙin ubansa, da ƙasarmu da ta horar da mutum ta bar shi yana turin mota, da shi kansa Yaya da ya zubar da damar ƙarshe saboda akwatuna masu jan rufi. A kan iyaka jandarman nan ya gane mu, ya tambayi ko an dace. Yaya ya ce masa alhamdu lillahi. A Argungu ya sauka daga wannan mota ya shiga ta Birnin Kebbi, ko ruwa bai tsaya sha a gidana ba.

Damina ta wuce, lasisin ya mutu. Ba wanda ya aiko da sanarwa, ranar ce kawai ta zo ta wuce.

Da shinkafa ta fara nuna na je Zauro na same shi a gona. Ya kafa sanduna ya ja igiya daga wannan kunya zuwa waccan, yana ɗaura mata gwangwanaye da tsakuwa a ciki don korar jan-baki. Na kama masa bakin igiyar. Can sai na kasa haƙuri.

"Yaya, da ka saki tun na hwarko, da yanzu kana sama."

"Na sani."

"To mi yas sa? Ka san hoto na."

Ya ƙulla gwangwani ya ja ya ji ƙararsa, sannan ya ce, "Kai ba ka taɓa tsayawa ƙasa ba, Muntari. Shekarar da na dawo, jirgin heshi ya zo nan da marece. Iska ta juya, shi ko bai hwasa ba. Da sahe mu munka kwashe awaki, mu munka kwashe kihin tabki, mu munka kai ɗiyan makwabcina asibiti bisa amalanke. Matuƙin ya yi aikinai daidai, na san haka, don da ni na da haka za a ce in yi. Yatsana ya ƙiya, shi ke nan."

Na ce to ai sai ya daina damun kansa, tun da abin da yake ganin daidai ne ya yi. Ni har gobe ban yarda na yi laifi da na matsa masa ba, yara ba sa cin taushin zuciya. Haka na gaya masa.

"Ba na hwarkon ka damuna ba," in ji shi. "Na biyun. Na ga inda tah hwaɗa. Da na san ba ya ɗaukata, da na biyun ma ban saki ba."

Wani garken tsuntsaye ya taso daga bakin gulbi ya nufo mu. Ya karɓe igiyar daga hannuna ya fara ja.